Ranar da Taubashina Ya Nemi Wakilin Ƙasa

Na ga abubuwa da yawa a yawon duniya, kuma tsufa ya fara kwashe mini su ɗaya bayan ɗaya. Amma akwai wata safiya a wata makarantar firamare ta ƙauye, can yankin Rawayau, wadda na tabbata ba za ta fita daga raina ba har a kai ni makwancina. Duk sanda na tuna ta sai in kama dariya ni kaɗai, har mai ɗakina ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Ni bafatake ne, fata da ƙirgi na yi ta saye da sayarwa fiye da shekara talatin. Sana'ar ta kai ni Maraɗi da Damagaram, ta kai ni Garwa da Injamena, na zauna Kumasi har na fara cin sakwara da daɗi. A hanya na tsinci Faransanci irin na kasuwa, da Larabcin Shuwa, da Fulatanci, na haɗa da Turancin da na samu a firamare na ƙara gogewa da shi. Da ƙafa ta gaji sai na dawo gida Dutsin-Ma, na buɗe ɗan shagon hatsi na zauna.

Duk garin da na sauka, in dai akwai makaranta kusa da masauƙina, abu ɗaya nake gani da safe. Yara a layi, tuta a sama, bakuna suna motsi da harshen da ba shi ake yi a gidajensu ba. A wani wuri waƙa ce, a wani wuri kalmomi ne na biyayya ga ƙasa. Launin tutar ne kawai ke sauyawa. Na daɗe da yanke hukunci a raina cewa wannan karatun aku ne, ba ya cutarwa, ba ya kuma amfanarwa. In an yi gardama a majalisa kan ko ya dace a sa ƙananan yara su riƙa yi, nakan ɗaga kafaɗa in ce a bar su, ai motsa baki ne kafin a shiga aji. A lokacin ina ganin wannan ita ce maganar wanda ya ga duniya.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, manomi a wani ƙauye na Rawayau. Ya girme ni da shekara biyu, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa ba tare da tsokana ba. Shi bai taɓa wuce Katsina ba sai sau ɗaya da ya raka marar lafiya Kano. Abin da aka san shi da shi kaf yankin shi ne tsoron alkawari. In ka roƙe shi abu, ba zai ce maka to ba, sai ya ce bari ya kwana da maganar. Amma in ya ce to, ka je ka yi barcinka. Ya taɓa cewa wani mutumin Karofi zai kawo masa irin wake ranar Talata, aka wayi gari rafi ya cika ya batse, ya ɗora buhun a ka ya ratsa ruwa iya wuya. Da aka ce masa ai da ya bari sai Laraba, cewa ya yi shi Talata ya faɗa.

Yana da jika 'yar shekara shida, ɗiyar babban ɗansa da ke neman abinci a kudu. Yarinyar a hannunsa take. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka ba ya kiran sunanta, Inna yake ce mata. Ita ce mace ta farko da aka kai boko daga gidan, kuma shi da kansa ya riƙe hannunta ya kai ta.

Wata ranar kasuwa, bayan an gama girbi, ina zaune a shago sai ga shi ya sauko daga babur, fuska a murtuke.

"Kai mai yawon banza," ya ce, "yau dai ga ranar amfaninka ta zo."

Na ce, "Bagidaje, wa ya buɗe maka ƙofa ka fito gari? Zauna kada mota ta tsorata ka."

Bai rama ba, nan na san maganar babba ce. Ya zauna bisa buhun dawa ya gaya mini cewa yau kwana takwas ke nan ya hana Inna zuwa makaranta. Yarinyar kuka take yi kullum, ta daina cin tuwon kirki, da safe takan sa rigar makaranta ta zauna a zaure tana kallon 'yan'uwanta suna wucewa. Shi ma abin yana cinsa, amma ya ce ba zai mayar da ita ba sai an warware masa wata magana.

Abin da ya faru shi ne, wata safiya zai wuce gona ya bi ta bayan makarantar, ya ga yara a layi, kowa ya ɗaga hannu, suna faɗin wani abu da Turanci baki ɗaya. Da Inna ta dawo ya tambaye ta mene ne suke faɗi. Ta ce Malama ta ce alkawari ne suke yi wa ƙasa. Ya ce alkawarin me? Ta ce ita ma ba ta sani ba, amma ta iya shi tsaf, har ta miƙe ta zuba masa daga farko zuwa ƙarshe. Ya tambaye ta tun yaushe ake yi. Ta ce kullum, tun ranar da ya kai ta.

Na yi dariya na ce masa ai yarinya ce, ko a addini ba a rubuta wa yaro komai. Ya ce ya sani, liman ma haka ya gaya masa.

"Amma in tambaye ka," ya ce. "In akuyar yaro ta shiga gonar mutum ta yi ɓarna, wa ake kira wurin mai unguwa? Yaron?"

Na ce a'a, ubansa.

"To ubanta na kudu, ni ne a wurin. Wata huɗu ke nan kullum safiya ana ɗora mani kaya a wuya, ban san mi ke ciki ba. In na mutu gobe aka tambaye ni, in ce mi?"

Na kawo masa Maraɗi, na kawo masa Kumasi, na ce duk inda na je haka ake yi, ban taɓa ganin wanda ya cire ɗansa daga makaranta a kan haka ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Su ma ba su tambaya ba ke nan. Kai dai ka zo gobe ka yi mani tafinta, tunda abin da ka samo a yawon ke nan."

Washegari da sassafe na hau babur na nufi ƙauyen. Na iske ya riga ya shirya kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya gayyato limamin unguwarsu da wani maƙwabcinsa dattijo. Na tambaye shi su kuma na mene ne. Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta, ya ce a ina na taɓa ganin an yi maganar alkawari babu shaidu. Inna tana gaba da rigar makaranta da 'yar jakarta, tana tafiya tana waiwayen kakanta.

Makarantar azuzuwa huɗu ce a fili, babu katanga, awaki suna ratsawa yadda suka ga dama. Hedimasta mutum ne mai haƙuri, ya sa aka fito mana da benci ƙarƙashin darbejiya, ya aika aka kira malamar ajin Inna, wata matashiya da ke zuwa kullum daga Kurfi. Aka gaisa, aka tambayi iyali da amfanin gona, sannan taubashina ya faɗi abin da ya kawo shi.

Hedimasta ya yi murmushi, yana son ya kwantar masa da hankali. Ya ce, "Haba Baba, wannan ai ba abin damuwa ba ne. Duk ƙasar nan haka ake yi. Magana ce kawai ta baki."

Wallahi da ya san wanda yake magana da shi, da bai faɗi haka ba. Taubashina ya gyara zama, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Malam, magana ce kawai? Ashe na kawo Inna nan don a koya mata ta riƙa faɗin abin da ba ta nufi? In ko haka ne gara ta zauna gida ta koyi daka."

Ni kaina na ji maganar ta taɓa ni, domin abin da hedimasta ya faɗa shi ne daidai abin da na yi shekaru ina faɗa a majalisa, sai dai ban taɓa jin muninsa ba sai da ya fito daga bakin wani. Hedimasta ya yi ta maza ya ce ya yi kuskuren magana, a yi haƙuri. Aka kawo takardar da aka rubuta alkawarin, aka miƙa mini. Taubashina ya ce kada in zuba masa gaba ɗaya, in riƙa kawowa gaɓa-gaɓa kamar ana auna hatsi, ya ga kowane mudu.

Na ce gaɓar farko, yaro yana cewa zai zama mai amana da gaskiya ga ƙasarsa. Taubashina ya juya ya dubi liman. Liman ya ce ai wannan shi ne huɗubarsa kowace Juma'a. Taubashina ya ce, "Wannan na ɗauka. Auno na gaba."

Na ce na biyu, zai yi wa ƙasa hidima da dukkan ƙarfinsa.

"Duka?" ya ce. "Wane ƙarfi Inna gare ta? Ko tulu ba ta ɗauka. In kuma nawa ake nufi, in na ba ƙasa duka, wa zai yi mani noma? A gaya masu na ba da rabi."

Maƙwabcinsa ya fashe da dariya har yana tari. Malama ta rufe baki da mayafi. Na ce masa wannan ba kasuwar awaki ba ce da za a yi tayi. Ya ce shi duk abin da ba a iya tayawa ba ya saye. Sai da liman ya shiga tsakani, ya ce Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, kuma noman da yake yi yana ciyar da mutane shi ma hidima ce. Ƙarfin Inna kuwa shi ne ta share aji, ta riƙe karatunta. Taubashina ya tsaya yana kallon wata akuya da ta sa kai cikin taga tana cin takarda. Ya tambayi hedimasta ko wannan makarantar ta ƙasa ce. Aka ce ta ƙasa ce. Ya ce to ya ga inda zai sauke nasa kason, yana da kara a gona, zai kira gayya a kewaye ta da darni. A kan haka ya ɗauki gaɓa ta biyu.

Ta uku ita ce kare haɗin kan ƙasa da mutuncinta. Ya tambaya da wa ake faɗa. Na yi masa bayani iyakar iyawata, cewa ana nufin kada mutum ya ware wani saboda yarensa ko garinsu. Ya ce a bayan gidansa akwai iyali biyu da tashin hankali ya koro daga garuruwansu, shekara guda ke nan suna ci daga rumbunsa, kuma bai tambaye su asalinsu ba kafin ya buɗe musu ƙofa. "In wannan ne, ai na riga takardar," ya ce. Babu wanda ya yi dariya a nan. Na ƙarasa da cewa ƙarshen maganar addu'a ce, yaro yana roƙon Allah ya taimake shi ya cika. Fuskarsa ta saki, ya ce ashe wanda ya tsara abin yana da hankali, ya san alkawari ba ya cikuwa sai da taimakon Allah.

Na naɗe takarda, ina tsammanin an gama. Inna ma ta fara gyara jakarta. Sai ya ɗaga hannu.

"To mun ji namu. Wa ya karɓa?"

Hedimasta ya ce bai gane ba.

"Alkawari ba ya tsayuwa da ƙafa ɗaya, Malam. Ko aure ake ɗaurawa, wani ya nema, wani ya bayar, shaidu su ji. Yara suna ta bayarwa kullum. Ina wakilin ƙasa da ke amsawa?"

Hedimasta ya duba hagu ya duba dama, sannan ya nuna tutar da ke kan sanda a tsakar fili. Taubashina ya bi yatsan da kallo, ya ce, "Ƙyalle mai kyau ne. Amma ban taɓa jin ƙyalle ya ce na karɓa ba."

Hedimasta ya share gumi ya ce to tunda shi gwamnati ta ajiye a nan, a ɗauka shi ne wakili. Taubashina ya ce madalla, ya matso da bencinsa gaba kaɗan.

"To wakili, Inna ta ba da gaskiya, ta ba da ƙarfi, ta ba da zumunci. Ita mi ƙasa ta ce za ta yi mata?"

Na fahimci halin da hedimasta yake ciki. Mutumin kirki ne, kuma yanzun nan aka nuna masa hatsarin faɗin abin da ba a nufi. Ba zai iya cewa za a kawo kujeru ko littattafai ba, domin ba a hannunsa suke ba. Na ga idon Inna ya ciko, domin ko ba ta gane duk maganar ba, ta gane cewa komawarta aji tana lilo.

Malama ce ta miƙe. Ta matso ta durƙusa gaban dattawan.

"Baba, ni ba zan iya yin magana da bakin ƙasa duka ba, ta fi ƙarfina. Amma ga abin da ke hannuna. In Allah ya ba ni rai da lafiya, Inna ba za ta bar ajina ba sai tana karanta Hausa tana rubutawa. Ba za ta zo ta iske aji babu malama ba, sai in ciwo ya kwantar da ni. Kuma daga yau ba zan ƙara sa su faɗi abin nan ba sai na gaya musu ma'anarsa da Hausa."

Taubashina ya dube ta. Ya ce, "Ɗiyata, kin san nauyin abin da kika ɗauka? Hanyar Kurfi da damina ba wasa ba ce. Ko za ki kwana da maganar?"

Ta ce, "Na sani, Baba. Na ɗauka."

Ya juya wajen liman da maƙwabcinsa. "Kun ji?"

Suka ce, "Mun ji, mun shaida."

Liman ya ɗaga hannu aka yi fatiha, a nan ƙarƙashin darbejiya, kamar an ɗaura aure. Kafin a shafa, Inna ta riga ta sheƙa da gudu wajen ƙawayenta, jaka tana dukan bayanta.

Saboda zamanmu an jinkirta taron safe, sai a lokacin aka kaɗa ƙararrawa. Yara suka yi layi aji-aji. Muna shirin sallama sai na ga taubashina ya mayar da hularsa, ya tattara babbar riga, ya nufi layin 'yan aji ɗaya ya tsaya a can baya. Na bi shi na ce, "Kai tsoho, ka haukace ne?" Ya ce tunda kayan a wuyansa yake har Inna ta girma, gara ya ɗauka da bakinsa ko sau ɗaya. Ya kama hannun rigata ya ce in tsaya nan in riƙa juya masa.

Haka aka yi. Yara suna faɗi da Turanci, ni ina bi da Hausa, shi yana maimaitawa da muryar da yake kiran shanu da ita, hannu a sama. Layi ya rikice, yara suna waiwaye suna ƙyalƙyala dariya, malamai sun kasa tsawatawa domin su ma dariyar suke yi. Da aka zo gaɓar dukkan ƙarfi sai ya ƙara da nasa, ya ce, "Gwargwadon iko!" Liman da maƙwabcin, da suka ga an bar su a benci, su ma suka taso suka shiga layi. Inna ta juyo daga gaba ta ce, "Kaka, ba haka ake ɗaga hannu ba!" Ta zo ta gyara masa yatsu, shi kuwa ya tsaya cak kamar ɗalibin kirki. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba, na dariya ne ko na wani abu, har yau ban rarrabe ba. Abin da na sani shi ne, ni ma ranar ce ta farko da na faɗi waɗannan kalmomi ina jin abin da nake faɗa, ga shi kuwa tun ina saurayi nake jin su.

Asabar ɗin da ta biyo aka yi gayya. Amalanke uku na kara suka zo, mata suka dama kunu, kafin azahar darni ya kewaye makarantar. Ni ma na je, kodayake taubashina ya ce ɗaurin da na yi ko kaza za ta kwance shi. Malama kuwa ta riƙe maganarta. Na ji labarin ranar da ruwa ya hana babur wucewa, ta tuɓe takalmi ta ƙarasa da ƙafa, ta iso da taɓo har gwiwa. Kafin shekara ta zagayo, Inna ce ke karanta wa kakanta saƙon da ubanta ke turowa a waya. Yanzu tana sakandare.

Har gobe ana gardamar nan a majalisarmu, wasu su ce a bar yara su yi ta faɗi don su tashi da son ƙasa, wasu su ce ɗora wa yaro abin da bai sani ba zalunci ne. Na daina ɗaga kafaɗa. Abin da na koya a wannan safiya shi ne, babu laifi yaro ya yi wa ƙasarsa alkawari, in dai an gaya masa abin da yake faɗa da harshen da yake mafarki da shi, kuma akwai babba a tsaye gabansa da zai ce na karɓa, ga kuma nawa. Yaro bai san ƙasa ba, abin da ya sani shi ne babban da ke gabansa. In wannan babban ya cika, yaron zai yarda akwai ƙasa. Na ratsa iyakoki da yawa ban gane haka ba, sai da wani manomi da bai iya harshe ko ɗaya ba bayan nasa ya tsayar da makaranta guda ya tambaya, wa ya karɓa.